Kafin Ka Sayi Kan Jirgi: Jagorar Zaɓen Kayan Shimfiɗa Ƙaramin Layin Dogo a Gida

Duk wanda ya fara sha'awar ƙananan jiragen ƙasan nan da ake shimfiɗa wa layi a kan tebur suna tafiya da lantarki, kan jirgi ne ke fara ɗaukar hankalinsa. Ga fitila, ga fenti mai sheƙi, wani ma har da ƙarar inji da usur. Sai mutum ya zuba kuɗinsa a can, abin da ya rage ya sayi layi mai araha ya ɗora a kan duk katakon da ya samu. Ba a jimawa jirgin zai fara tsayawa a kwana, taragai su riƙa sauka daga kan dogo, sha'awar ta mutu. Shawarata a wannan jagora ɗaya ce: kuɗi su fara daga ƙasa su yi sama. Tebur tukuna, sannan layi, sannan waya. Kan jirgi shi ne kusan na ƙarshe.

Mataki na farko: auna wuri

Ɗauki tef ka auna inda za ka ajiye abin, ka rubuta tsawo da faɗi. Hannun babban mutum ba ya kaiwa fiye da santimita 60 zuwa 75 cikin sauƙi idan ya sunkuya a kan tebur. Saboda haka teburin da ke jingine da bango kada faɗinsa ya wuce haka, in ba haka ba duk ranar da tarago ya faɗi a can baya sai ka murƙushe gidaje da bishiyoyi kafin ka ɗauko shi. In kana son tebur mai faɗi, to ya zama za a iya zagaya shi ta kowane ɓangare.

A nan ne kuma za ka yanke shawarar irin tafiyar da kake so. Akwai mai son jirgi ya yi ta zagaye yana kallo, akwai mai son aikin tasha: a raba taragai, a jera su, a tura wannan nan, a janyo wancan. Zagaye yana cin faɗi saboda kwana. Aikin tasha kuwa yana shiga a kan kanta mai faɗin santimita 30 ko 40 a jikin bango. Akwai wani shahararren tsari daga Ingila da ake kira Inglenook, mai rassa uku kacal, ɗaya yana ɗaukar taragai biyar, biyun suna ɗaukar uku-uku, aikinka shi ne ka haɗa jirgi mai taragai biyar daga cikin takwas bisa jerin da aka tsara. Wurin da yake ci bai fi tsawon benci ba, amma sai mutum ya shafe maraice guda a kansa. Mai ƙaramin ɗaki ya fara da irin wannan.

Mataki na biyu: ma'auni

Ma'auni shi ne sau nawa aka rage girman jirgin gaskiya. Wannan zaɓi shi ke ɗaure duk sayayyar da za ta biyo baya, don kayan wani ma'auni ba sa aiki da na wani.

Wanda ya fi yaɗuwa a duniya shi ne HO, wato 1:87, tazarar ƙarafan dogonsa milimita 16.5. Mutum a wannan ma'auni tsayinsa kamar santimita 2 ne. Babban baje-kolin nan na birnin Hambag a Jamus, Miniatur Wunderland, da aka buɗe a 2001, da HO aka gina shi. A Ingila kuwa OO ke ci, 1:76, amma a kan layi ɗaya da na HO, milimita 16.5. Dalilin wannan bambanci tsoho ne: jiragen Ingila na gaskiya ƙanana ne a jiki, injinan lantarki na wancan zamani ba sa shiga cikinsu idan aka rage su zuwa 1:87, sai aka ɗan ƙara girman jikin aka bar layin yadda yake. Ma'ana jirgin OO zai yi tafiya a kan layin HO, amma in ka jera su gefe da gefe ido zai ga ba su dace ba.

Mai ƙarancin wuri ya dubi N, 1:160 a kan layi mai milimita 9, ko da yake a Ingila 1:148 ne, a Japan kuma yawanci 1:150. Cikakken zagaye na N yana shiga a kan katako mai girman ƙyauren ƙofa. Sai dai ƙanƙantarsa tana son ido mai kyau da hannu marar rawa, kuma ƙura ta fi damun sa. Tsakanin su biyun akwai TT, 1:120 a kan milimita 12, wanda ya daɗe da farin jini a gabashin Jamus, kamfanin Hornby kuma ya shigo da shi kasuwarsa a 2022. Akwai Z da kamfanin Märklin na Jamus ya fito da shi a 1972, 1:220, da manya irin su O da kuma G na lambu mai layin milimita 45, amma ba su ne na mafari ba.

Ni dai HO ko OO nake ba mai farawa shawara, muddin wuri ya isa. Kayansu sun fi yawa, na hannu sun fi samuwa, gyaransu ya fi sauƙi.

Wanda yake so ya kwaikwayi jirgin ƙasarmu yana da ƙarin lissafi. Sabon layin Abuja zuwa Kaduna da ya fara aiki a 2016 faɗinsa milimita 1,435 ne, shi ne daidai abin da layin HO yake wakilta. Tsohon layin Legas zuwa Kano kuwa milimita 1,067 ne, in ka raba da 87 za ka samu ɗan sama da 12. Don haka masu kwaikwayon irin wannan kunkuntar layi, kamar na Afirka ta Kudu da jihar Kwinslan a Ostareliya, suna ɗora jikin 1:87 a kan layi mai milimita 12. Hanya ce mai daɗi amma mai yawan aikin hannu, domin kamfanoni jiragen Amurka da Turai da Japan suka fi ƙerawa.

Gargaɗi ɗaya kafin mu wuce. Kayan HO na Märklin suna da tsarin kansu: wuta tana bi ta wasu ƙananan ƙusoshi a tsakiyar layin, kan jirgin yana shafar su da wani ƙarfe a ƙarƙashinsa. Kaya ne masu inganci ƙwarai, amma ba sa haɗuwa da layin sauran kamfanoni irin su Peco ko Atlas ko Roco. A kasuwar kayan hannu ana yawan cakuɗa su, ka juya kan jirgin ka duba cikinsa kafin ka biya.

Mataki na uku: tebur

Ka sa kafinta ya yi maka firam da busasshen katako mai kaurin kamar inci 2 da inci 1, da 'yan sanduna a tsakiya kowane santimita 30 zuwa 40, a rufe samansa da filawud mai kaurin milimita 9 ko 12. A haɗa da gam da sukuru, kada a dogara da ƙusa kaɗai. Ka guji allunan da aka yi da matsattsiyar dusar katako, suna da nauyi kuma suna kumbura da zarar sun sha danshi. Ka sa a huda ramuka a sandunan tsakiya tun yanzu domin wayoyi su bi.

Kada a yi shi falle ɗaya babba. Cikakken filawud santimita 122 ne da 244, ba ya fita ta ƙofa cikin daɗi. A raba teburin gida-gida, kowanne bai wuce santimita 120 da 60 ba, a ɗaure su da noti. Tsayi daga ƙasa kuwa, tsakanin mita 1 da santimita 120 ya fi, domin jirgi ya fi kyan gani daga gefe, kuma za ka iya shiga ƙarƙashi ka yi aikin waya. In yara ne za su fi kallo, a rage.

Yanayinmu yana da nasa sharaɗi. Katako yana shan danshi da damina ya buɗe, ya bushe da hunturu ya tsuke, layin da ke manne a kansa kuma shi zai sha wahalar. Maganin shi ne a shafe katakon da fenti ko banish ciki da waje, har da bakin da aka yanka, kafin a ɗora komai. A sa masa maganin gara, ƙafafun kuma kada su zauna kai tsaye a kan ƙasa mai laima.

A saman filawud ana shimfiɗa abin da zai ɗaga layin ya kuma rage ƙara. Fallen "cork", ɓawon itacen nan mai laushi da ake toshiyar kwalba da shi, mai kaurin milimita 3 shi aka saba amfani da shi a HO da OO. Don tudu da kwari, akwai allon soso mai tauri, shuɗi ko ruwan hoda, da ake sa wa gini don tare zafi. Yana yankuwa da wuƙa sumul. Farin nan da ake naɗo firji da talabijin da shi ma yana aiki a cikin tudu, sai dai yana marmashewa. Dukkansu gam mai warin fetur yana narka su, don haka farin gam na kafintoci, irin Top Bond, shi ne abokin aikinka.

Mataki na huɗu: layi

Nan ne ba a neman sauƙi, don araha ba ta ado. Abu na farko shi ne irin ƙarfen. Tsofaffin layuka na baƙin ƙarfe suna tsatsa, na farar tagulla mai ruwan rawaya kuma suna dusashewa su hana wuta wucewa. Wanda za ka nema shi ne wanda aka rubuta wa "nickel silver" a kwali, haɗin jan ƙarfe da nikel da zinki ne, fari ne a ido, ba ya tsatsa, dalma kuma tana kama shi. Gwajin mai sauƙi ne: maganaɗisu yana kama na baƙin ƙarfe, ba ya kama wannan. Ko kyauta aka ba ka tsohon layi mai tsatsa, ajiye shi don ado a gefen tasha, kada jirgi ya hau shi.

Abu na biyu tsayin ƙarfen, wanda ake rubutawa da lamba. Lamba 100 tana nufin kashi 100 cikin 1,000 na inci, wato kamar milimita 2.5. Lamba 83 da 75 sun fi gajarta, sun fi kama da dogon gaskiya. Amma tsofaffin taragai na shekarun 1960 da 1970 ƙafafunsu suna da leɓe mai zurfi, a kan gajeren ƙarfe sai su riƙa bugun abin da ke riƙe da dogon suna tsalle. In za ka riƙa sayen kayan hannu, tsaya a lamba 100, tana karɓar kusan komai. A N kuwa lambobin su ne 80 da 55.

Abu na uku siffa. Akwai layi gutsi-gutsi da aka riga aka lanƙwasa, sai dai ka jona. Akwai mai zuwa da shimfiɗarsa ta roba a manne, irin Unitrack na kamfanin Kato, wanda ake haɗawa a kwance a kuma kwance shi a mayar kwali; wanda ba shi da wurin dindindin wannan ne nasa. Sai kuma mai lanƙwasuwa, tsawonsa kusan santimita 91, kai za ka ba shi kwanar da kake so ka yanke abin da ya yi saura. Shi ya fi araha a kan kowace mita, mahaɗarsa kaɗan ce, kuma kowace mahaɗa da ka rage ka rage wurin da wuta za ta yanke.

Kwana ita ce ke hukunta wanda ya yi rowar wuri. A OO an jera kwanoni da lamba: ta ɗaya nisanta daga tsakiyar da'ira milimita 371, ta biyu 438, ta uku 505. Yawancin kawunan jirgi na zamani ba sa yarda da ƙasa da ta biyu, an ma rubuta a kwalinsu. A HO na Amurka inci 18 shi ne mafi ƙanƙanta da aka saba amfani da shi, inci 22 ya fi kwanciyar hankali, dogayen taragan fasinja kuma suna son fiye da haka. Lissafa da kanka: kwana ta biyu tana buƙatar tebur mai faɗin kusan mita 1 kafin jirgi ya juya. Hawa kuma kada ya wuce santimita 2 a cikin kowace mita, kuma kada ya fara farat ɗaya.

Mararrabar layi, inda jirgi ke barin wannan reshe ya shiga wancan, ita ta fi kowane yanki tsada kuma a nan aka fi samun matsala. A tsakiyarta akwai wurin da ƙarafa biyu suka gitta juna. A wasu, kamar Insulfrog na Peco, wurin roba ne: haɗa wayarsu ba wuya, amma gajeren kan jirgi yana iya mutuwa a kai idan yana tafiya a hankali. A Electrofrog wurin ƙarfe ne mai wuta, jirgi yana wucewa lafiya lau, sai dai dole ka sa mahaɗar roba a ƙarafa biyu na ciki da ke fitowa daga wurin, in ba haka ba waya za ta haɗu. Mai son aikin tasha ya daure ya koyi na biyun. Kuma gara mararraba uku sababbi da goma na hannu da suka karkace.

Wajen shimfiɗawa ka bar 'yar tazara a mahaɗa, kamar kaurin katin waya, musamman in da sanyi kake aikin. Mita ɗaya ta wannan ƙarfe tana ƙara kusan sulusin milimita idan zafi ya tashi da digiri 20. Ba shi da yawa a ido, amma a ɗaki mai rufin kwano a watan Afrilu ya isa ya tanƙwara layin da aka matse ba numfashi.

Mataki na biyar: lantarki

Hanya biyu ce. Tsohuwar, wadda ake kira DC, ita ce ka ƙara ko ka rage wutar da ke kan layin daga sifiri zuwa kamar bolt 12, duk jirgin da ke kai ya amsa. Tana da araha, kuma ga mai kan jirgi ɗaya ta wadatar. Da zarar ka so biyu su yi tafiya daban-daban sai ka yanyanka layin shiyya-shiyya da makunnai.

Sabuwar ita ce DCC. Asalinta daga kamfanin Lenz na Jamus ne, ƙungiyar masu wannan sha'awa ta Amurka, NMRA, ta mayar da ita ƙa'idar kowa a farkon shekarun 1990. Layin yana ɗauke da wuta koyaushe tare da saƙo, kowane kan jirgi yana da ɗan ƙaramin allon lantarki a cikinsa mai lambar kansa, sai ya amsa saƙon da aka aiko wa lambarsa kawai. Sabon allo yana zuwa da lamba 3, kai za ka canza. Da yake ƙa'idar ɗaya ce, allon wani kamfani yana jin umarnin na'urar wani. Na'urorin farawa irin Power Cab na NCE, ko Zephyr na Digitrax, ko z21 na Roco da ake sarrafawa da wayar hannu, suna ba da amfiya 2 zuwa 3, abin da ya ishi kawunan jirgi uku ko huɗu na zamani. Mai hannu a harkar lantarki yana iya haɗa nasa a kan ƙaramin allon kwamfuta na Arduino da manhajar DCC-EX, wadda kyauta ce.

In har kana ganin za ka wuce kan jirgi ɗaya, fara da DCC tun farko. Kula da rubutun kwali: "DCC Ready" yana nufin akwai soket amma babu allon, "DCC Fitted" yana nufin an riga an sa. Soket ɗin ma iri-iri ne, akwai mai fil 8, mai 21, da Next18, sai ka sayi allon da ya dace. Kada ka bar kan jirgin da ba shi da allo a kan layin DCC, injinsa yana iya ƙonewa.

Duba taransifoma da kyau. Wutar gida a Amurka bolt 120 ce, a Najeriya da Nijar da Turai kuwa 220 zuwa 230. In ba a rubuta 100 zuwa 240 a jikinsa ba, wanda aka yi don Amurka zai ƙone da zarar ka jona shi. Kayan Ingila da Jamus ba su da wannan matsala. Ka kuma bi da wutar ta sitabilaiza, ka zare soket in ka gama, domin dawowar wuta da ƙarfi ko canji zuwa janareto yana kashe waɗannan ƙananan alluna.

Kada ka dogara da 'yan ƙarafan mahaɗa su kai wuta ko'ina, suna saki da tsufa. Ja manyan wayoyi biyu masu kaurin milimita 1.5 zuwa 2.5, irin na wayarin gida, a ƙarƙashin tebur su bi layin. Daga jikinsu ka fito da sirara ka liƙa da dalma a gefen waje ko ƙarƙashin kowane fallen layi. Launi biyu, ja da baƙi, kuma kada su sauya ɓangare. In ka gama, ɗora kwabo ya haɗa ƙarafan biyu a wuri mafi nisa: na'urar DCC ta yanke wuta nan take. In ba ta yanke ba, wayarka ta yi siriri ko wani liƙi bai kama ba. Layin da ke juyowa ya koma kan kansa yana buƙatar a yanke ƙarafansa biyu a kowane ƙarshe a sa na'urar juya wuta. Mai farawa ya bar shi sai gaba.

Mataki na shida: kan jirgi da taragai

Yanzu ne lokacinsa. Sayi ɗaya mai kyau. Abin dubawa shi ne ya riƙa ɗaukar wuta ta dukkan ƙafafunsa, ya kasance da nauyi, ya iya rarrafe a hankali ba fizga. Mai siffar injin dizal da ƙafafu takwas ya fi mai tururi haƙuri da kwana da ƙura. Taragai biyar zuwa takwas sun isa farawa, masu ƙafafun ƙarfe sun fi na roba, don ba sa tara datti sosai. Maƙalan da ke haɗa tarago da tarago su zama iri ɗaya kuma tsayi ɗaya. Na Ingila da na Amurka irin Kadee ba sa kama juna, amma in taragon yana da aljihun NEM, wato ɗan ramin da ake cusa maƙali bisa ƙa'idar Turai, sai ka zare wannan ka cusa wancan. Tarago marar nauyi shi ke fara faɗuwa. Ƙa'idar NMRA a HO ita ce giram 28, a ƙara giram 14 a kan kowane inci na tsawonsa. 'Yan notina da aka manna a ciki, can ƙasa, sun isa cike giɓin.

Kayan aikin ba su da yawa, rabinsu ma akwai su wajen masu sayar da kayan gyaran waya: ƙarfen narka dalma mai wat 25 zuwa 40, mitar gwada wuta, ƙananan magagarai, hantsaki, ƙananan sukundireba, wuƙa mai kaifi da rula ta ƙarfe. Abin da ya cancanci a yi odarsa shi ne almakashin yanka dogo irin na Xuron, wanda ba a yanka komai da shi sai dogo, da ma'aunin tazarar ƙafafu, wadda a HO da OO kusan milimita 14.4 ce daga ciki zuwa ciki.

Mataki na bakwai: ƙasa da ado

Kada ka zuba wa layin tsakuwa ko ɗaya, irin wadda ake shimfiɗa wa dogon gaskiya, sai jirgi ya shafe makonni yana bin ko'ina gaba da baya ba tare da ya faɗi ba, domin bayan gam ya bushe gyara ya zama fasa. In lokacin ya yi, baza tsakuwar da busasshen burushi, ka fesa mata ruwa mai ɗigon sabulun wanke-wanke, sannan ka ɗiga farin gam da aka sirka da ruwa rabi da rabi. Ka nisanta gam daga sassan mararraba masu motsi. Zaɓi tsakuwa mai laushi fiye da yadda kake zato. Da yawa masu HO ta N suke amfani da ita.

Kamfanoni irin Noch da Faller da Woodland Scenics suna sayar da ciyawa da bishiyoyi da gidaje, amma a nan ne za ka iya rage kashe kuɗi ba tare da asara ba. Jar ƙasa da rairayi na gaskiya sun fi kowane fenti, sai dai a tankaɗe su da rariya, a gasa su su bushe ƙwari su mutu, sannan a ja maganaɗisu a ciki sau da yawa. Wannan na ƙarshe wajibi ne: burbushin ƙarfen da ke cikin ƙasa injin jirgi zai zuƙe shi. Dusar katako da aka rina tana zama ciyawa, siraran wayoyi da aka murɗa suna zama kuka ko darbejiya, kwali da filasta suna zama katanga da soro. Fenti ya zama na ruwa marar sheƙi, ka riƙa auna komai da ɗan mutum-mutumin nan mai santimita 2 domin ƙofa da taga su fito daidai.

Ƙurar hunturu ita ce za ka yi ta fama da ita. Tanadi mayafi marar nauyi ko murfin leda a kan firam tun ranar farko. Goge saman dogo da tsumma marar gashi da aka ɗan jiƙa da sinadarin isofurofil da masu gyaran waya ke wanke allo da shi, ka goge ƙafafun kan jirgin ma. Kada sanfefa ta taɓa dogo, tana barin ƙarce da datti ke maƙalewa a ciki. Mai kuwa, sai wanda aka rubuta ba ya cin roba, ɗigo ɗaya a bakin allura a kan haƙoran giyar injin da gindin ƙafafu, sau ɗaya ko biyu a shekara.